Kafin ka sayi tsohon gem na kwamfuta mai kwali

Salam 'yan uwa masu tara tsofaffin gem na kwamfuta, irin na shekarun 1980 da 1990 ɗin nan masu zuwa a babban kwali.

Kar idonka ya tsaya kan faifan kawai, kuɗin yana cikin kwalin da tarkacen da ke ciki. Ka sa mai sayarwa ya zazzage komai ya ɗauko maka hoto ɗaya bayan ɗaya, littafin bayani, katin rajista, taswira in akwai. Misali Ultima IV na 1985 da taswirar yadi yake zuwa da ɗan ƙarfen ankh (wata alama mai kama da gicciye mai zobe a sama), shi kuma The Secret of Monkey Island na 1990 yana da wata zagayayyiyar takarda da ake juyawa a samo amsar da wasan ke tambaya kafin ya buɗe, in ta ɓata to darajar ta sauka sosai.

Wajen farashi kuma, kar ka bi abin da masu sayarwa ke rubutawa a eBay (shafin saye da sayarwa na intanet), kowa na iya sa abin da ya ga dama. Duba waɗanda aka riga aka sayar.

Masu cewa "sabo dal a leda" a yi hattara da su, ana sake naɗe tsohon kwali da sabuwar leda, ni kam na fi yarda da buɗaɗɗe wanda na ga cikinsa. Ka duba kusurwoyin kwalin, ka shinshina ko yana warin danshi.

In ya zo hannunka a ajiye shi nesa da rana da laima, fulofi kuma (wato faifan floppy da gem ɗin ke ciki) kar ya kusanci maganaɗisu.