Yadda Ake Neman A Ware Kuɗin Rigakafi A Kasafi

Da farko, tsayar da buƙata ɗaya tak, misali kuɗin wayar da kan iyaye game da allurar rigakafi. Mai neman abu goma a zama ɗaya yakan tashi hannu rabbana.

Sannan duba kasafin bara: nawa aka ware, nawa aka saki? Nan gizo ke saƙar, domin sau da yawa kuɗin a takarda kawai suke.

Rubuta buƙatar a shafi ɗaya, adadin kuɗin a layin farko. Miƙa wa shugaban kwamitin lafiya na majalisa kafin ma'aikatu su fara kare kasafinsu a gaban majalisar. Da zarar an sa hannu, bakin alƙalami ya bushe.

Tuna masa alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001: kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Bayan mako biyu, sake tuntuɓarsa a rubuce.