Yadda za ka gane ko ciwon cikinka ya kai ga ganin ƙwararren likita

A wajenmu duk ciwon da ya tsaya a saman cibiya sunansa olsa, duk wanda ya sauka ƙasa sunansa basir. Daga nan sai kemis, a sayi omeprazole da Gestid, ciwo ya lafa kwana biyu ya dawo, a sake saye. Akwai waɗanda suka yi shekara biyar a haka ba su taɓa yin gwaji ko ɗaya ba.

Mataki na farko shi ne ka tantance ko ma akwai lokacin yin shawara. Idan ka yi aman jini, ko amai mai kama da garin kofi, ko bahaya ta fito baƙa ƙirin mai danƙo kamar kwalta da wari na daban, wannan jini ne ke zuba a ciki, sashen gaggawa za ka nufa a ranar. Haka ciwon da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙame kamar katako. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bahaya, to amma ba ta sa danƙo da warin nan. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji ƙwannafi tare da gumi da nauyin ƙirji kada ya tsaya jiƙa kanwa, ciwon zuciya ma yana zuwa a haka.

Sai alamun da ba na gaggawa ba, amma ko ɗaya daga cikinsu ya isa a tura ka wurin likitan ciki da hanta cikin 'yan makonni: rama ba dalili, abinci yana tsaya maka a maƙogwaro ko ƙirji, amai kullum, ƙarancin jini, ciwon shawara, ƙullutu a ciki, gudawar da ke tayar da kai daga barci, jini a bahaya, ko wani na jikinka ya taɓa yin kansar tumbi ko ta hanji. Wanda ya haura shekara 50 kuma ciwon sabo ne gare shi, shi ma yana cikin wannan layi. Maganar jini a bahaya ita ce aka fi sakaci da ita. Basir yana zubar da jini, gaskiya ne, amma kansar babban hanji ma haka take farawa, kuma mutum zai iya samun duka biyun. Kada ka yarda da sunan basir sai likita ya duba wurin.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka yi saurin neman ƙwararre tukuna. Samu ƙaramin littafi ka yi rubutu na mako biyu: ƙarfe nawa ciwon ya taso, kafin cin abinci ko bayansa, a ina yake, me ka ci, sau nawa ka zaga kuma yaya kamanninta. Rubuta duk abin da kake haɗiya, har da jiƙo da haɗin maganin gajiya na kemis. Wannan haɗin sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, su kuwa suna cin bangon tumbi. Mai ciwon suga ya lura ko gudawar ta fara ne bayan an ɗora shi kan metformin. Wani kuma zai ga kumburi da tusa suna biyo bayan madara ne kawai, to ya huta da kuɗin asibiti.

Da littafin nan za ka je wurin likitan da ke ganin kowa da kowa, a nan kuma aka fi yin ɓarna. Gwajin da ya fi muhimmanci ga mai zafin saman ciki shi ne na ƙwayar cutar H. pylori, wadda ke haddasa mafi yawan gyambon ciki kuma ta yi yawa ƙwarai a ƙasashenmu. Mutane suna zuwa gwajin da omeprazole a cikinsu. Maganin yana danne ƙwayar cutar ba tare da ya kashe ta ba, sai sakamako ya fito babu komai alhali tana nan. Dole ka ajiye omeprazole da danginsa na mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da Flagyl kuma mako 4. Idan zafi ya dame ka a tsakanin, ruwan maganin ƙwannafi ba ya ɓata gwajin. Kuma ka nemi gwajin bahaya ko na numfashi. Na jini ya fi araha, shi ya sa ƙananan ɗakunan gwaji ke tura shi, sai dai abin da yake nunawa kawai shi ne ka taɓa haɗuwa da cutar, ko da ta warke tun bara. Kuɗin banza ne.

Idan an same ta, magani haɗi ne na ƙwayoyi uku ko huɗu na kwana 14. Baki zai yi ɗaci, ciki zai ɗan lalace, da yawa sukan daina a kwana na biyar da sun ji sauƙi, sai cutar ta dawo ta ƙi jin magani. Ka shanye, sannan bayan aƙalla mako 4 a maimaita gwajin bahaya a tabbatar ta mutu. Idan ba a same ta ba, likita kan ba da omeprazole na mako 4 zuwa 8, ana sha minti 30 kafin karin kumallo. Wanda ke shan shi bayan ya ƙoshi ya rage masa ƙarfi.

A wannan zuwan a haɗa da gwajin yawan jini, da duba bahaya don tsutsar ciki da atini, da gwajin ciwon hanta nau'in B. Gwajin taifot na Widal kuwa kar ya ɗauke maka hankali. Ciwon cikin wata shida da babu zazzaɓi ba taifot ba ne.

To, idan ka yi duk wannan ciwon bai tafi ba, ko yana dawowa da zarar ka ajiye magani, ko an kashe H. pylori sau biyu ta ƙi mutuwa, lokacin ƙwararre ya yi. Karɓi takardar turawa daga likitanka, don manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta kan wannan takarda ake shiga ɗakin ƙwararru, mai inshorar lafiya ma sai da ita za a biya masa. Tafi da littafinka, da sakamakon gwaje-gwaje, da kwalayen magungunan kansu.

Mai yiwuwa ya ce a leƙa tumbi da na'urar da ake zurawa ta baki. Ba a cin komai na awa 6 zuwa 8 kafin nan, aikin kansa bai fi minti 15 ba. Hoton sikanin ba ya maye gurbinta: yana ganin hanta da matsarmama, gyambon tumbi kuwa ba ya ganinsa. Leƙen babban hanji ta dubura yana buƙatar wankin ciki tun jajibiri, wanda bai shanye ruwan wankin ba sai an sake masa rana, ya sake biya. Idan an ba ka maganin barci, zo da wanda zai mayar da kai gida.