Kurakuran da muke yi bayan mun dawo daga horon TF-CBT

Ƴan uwa masu duba yaran da suka ga tashin hankali, mu faɗa wa juna gaskiya. Tsarin nan na TF-CBT, wato hanyar jinyar irin waɗannan yara ta zama da tattaunawa, wanda Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka haɗa a Amurka yana aiki, an gwada shi har a Zambiya da Kwango ya yi amfani, matsalar tana wajen mu ne bayan an miƙa mana satifiket.

Wani zai je bita ta kwana biyu ko ya gama darasin intanet na TF-CBTWeb da aka buɗe tun 2005, sai ya ɗauka shikenan ya iya. Kafin ya ankara rabi ya zube. Gyaran shi ne ka ɗauki yaro a makon da ka dawo, kuma ka samu wanda ya fi ka sani ka riƙa kai masa aikinka yana duba maka.

Amma wanda ya fi damuna shi ne gudun labarin abin da ya faru da yaron. Sati da sati muna ta koya masa jan numfashi da zana fuskar fushi da ta murna, muna cewa ai bai shirya ba tukuna, alhali wallahi mu ne muke tsoro kada ya fashe da kuka mu rasa ta cewa. Shi kuma yaro ba wawa ba ne, in ya ga babba ma yana kewaye maganar sai ya ƙara yarda abin ba ya faɗuwa. Ka ambaci abin da sunansa tun zaman farko, sannan a fara labarin da sauƙi, sunansa, makarantarsu, ƙungiyar ƙwallon da yake so, a hankali har a kai ranar da abin ya faru.

Sai barin uwa a benci tana jira. Kusan rabin aikin nata ne fa, ko kaka ko goggo, duk wacce yake kwana a hannunta. Eh akwai kunya, shi ya sa ake shirya ta ita kaɗai kafin a haɗa su ya karanta mata labarin nasa.

Kuma yawanci duka aikin zama 12 zuwa 16 ne. In kowane sati rigimar gida ta cinye awa ɗin, ba rigimar minti goma ka koma inda kuka tsaya.