Yadda Za a Yi wa Dattijo Rajistar Kiwon Lafiya ta Gwamnati

Idan jinyar mahaifi ko mahaifiya ta daɗe, kamar ta hawan jini, ciwon sukari ko shanyewar ɓarin jiki, kuɗin magani yakan cinye amfanin gona tun kafin damina ta zagayo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da suka cancanci tallafi. Hukumar inshorar lafiya ta jiha ce ke yin rajistar shiga wannan shirin tallafi: KSCHMA a Kano, JICHMA kuma a Jigawa.

A fara da nema wa dattijon lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, domin rashinta na yawan tsayar da mutanen karkara, musamman tsofaffin mata da ba su taɓa mallakar wata takarda ba. Daga nan a je asibitin matakin farko na mazaɓa a tambayi shugabansa ko asibitin yana cikin shirin da lokacin da ake ɗaukar sunaye, a kuma sanar da mai unguwa ko dagaci, tunda su ne suka san halin kowane gida. A tafi da katin asibiti da takardun magungunan da yake sha.

Ina ganin wajibi ne iyali su san iyakar shirin tun da wuri: yana ɗaukar nauyin ganin ma'aikacin lafiya, wasu gwaje-gwaje da magunguna, amma ba ya biyan ladan mai jinya a gida. Juya marar lafiya a shimfiɗa, yi masa wanka da ciyar da shi suna nan a wuyan 'ya'ya da jikoki.