Kurakuran da ake yi wajen gyaran tsohuwar majami'a

Tsohuwar majami'a ta fi shan wahala a hannun masu gyara fiye da yadda take sha a hannun shekaru. An tara kuɗi, kwamiti ya zauna, kowa na son abin da ido zai gani: fenti, tayil, sababbin fitilu. Rufi kuwa na yoyo, indararo ya toshe da ganye da kashin tsuntsaye. Kafin a ankara fentin ya kumbura. A fara tare ruwa tukuna, ado ya biyo baya.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne siminti. Sai a 1824 aka yi rajistar simintin Portland a Ingila, kuma an daɗe bayan nan ana ɗaura dutse da tubali da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Wannan kwaɓin yana da taushi, danshin bango ta cikinsa yake fita. Birkila ya zo ya cike tsakanin duwatsun da siminti don ya fi ƙarfi, danshi ya rasa hanya, ya koma cikin dutsen da gishirinsa. Bayan 'yan shekaru za ka ga layin simintin tsaye ƙyam, fuskar tubalin kuwa ta zaizaye, kana shafawa tana zuba kamar gari. Maganinsa a ƙwaƙule simintin da hannu, da kurfi da guduma, ban da injin yanka, a mayar da farar ƙasa, a bar bangon ya bushe ko da zai ɗauki watanni. Fentin mai ma haka yake toshe bango.

Sai batun shiga. Ana yin gangara don keken guragu, amma a kai ta ƙofar baya kusa da ɗakin ajiya, ko a yi ta tsaye har sai ƙarti biyu sun tura. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kowane santimita 1 na tudu ya samu santimita 12 na tsawo, wato matakala mai tudun rabin mita tana buƙatar gangara mita 6, da ƙarfen riƙewa hagu da dama. Kuma shiga kaɗai ba ta isa ba. Wanda aka ajiye shi can baya shi kaɗai, bai iya kaiwa bagade ranar Jibin Ubangiji, bai iya hawa ya karanta Littafi, me aka yi masa? A rage tsawon benci ɗaya ko biyu a tsakiya ya zauna da iyalinsa, a bar masa filin juyawa kamar mita 1.5. Tun kafin a zana komai a kira masu keken, da makafi, da tsofaffi, su zagaya ginin su nuna inda suke tuntuɓe.

Ɗakin dutse mai amsa-kuwwa ba a gyara shi da manyan lasifiku. Wa'azin ƙara cuɗewa yake yi. Ƙanana da yawa, kusa da mutane, a rage ƙara. Masu na'urar ji kuma a zagaya musu wayar maganaɗisu mai kai muryar makirfo kai tsaye cikin na'urar.

Yarjejeniyar Banis ta 1964, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na gyaran gine-ginen tarihi, ta ce sabon aiki ya dace da tsoho amma a iya bambance su, kuma a ɗauki hoto da zane na kowane mataki. Wayar lantarki ta bi layin kwaɓi, kada a huda dutse. In ginin yana cikin rajistar kayan tarihi, a nemi izini kafin a taɓa ko ƙofa.

Lokacin gyara ne wuta ta fi samun dama. A 1972 wutar walda ta wani ma'aikaci ta cinye rufin babbar majami'ar Nantes a Faransa, Notre-Dame ta Paris kuma ana cikin gyaranta ta kama a ranar 15 ga Afrilu 2019, ba a sake buɗe ta ba sai Disamba 2024. A dakatar da duk aikin walda da makamantansa sa'o'i kafin tashi, wani ya hau cikin rufi ya duba kafin a kulle.