Yadda ake daidaita fatsa da yanayi a tafkunan Damagaram

Mai son kamun kifi da fatsa a tafkin Gidimuni ko na Lasuri ya sani cewa zafin ruwa ne ke tsara lokacin da kifi ke cin ƙoto. Saboda haka, bayan an gaida sarkin ruwa an kuma mallaki takardar izini daga ma'aikatan gandun daji, matakin farko shi ne a tsoma hannu a ruwa, a ji ɗuminsa.

Idan lokacin ɗari ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada a yi sammako. Iskar hunturu tana sanyaya ruwa cikin dare, karfasa kuwa tana rage ci sosai da zarar zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20. A jira hantsi ya ɗaga, a nemi gefen da rana ta buga kuma kacala ta tare iska, a sa ƙaramar ƙugiya da ɗan guntun tana, sannan a yi haƙuri, domin kifin da sanyi ya kama a hankali yake taɓa ƙoto.

Da bazara, wato Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ruwa yana janyewa, kifi ya taru a gurbi mai zurfi. Ruwan da ya yi zafi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, don haka karfasa takan yi kasala, amma tarwaɗa, wadda ke iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, tana ci gaba da kiwo. A nufe ta da magariba ko da dare, a tsawaita zare har ƙoto ya kwanta a ƙasa, a yi amfani da abu mai ƙarni kamar hanjin kaza.

Damina ta fi sauƙi. Bayan ruwan sama, a tsaya inda kwazazzabo ke zuba cikin tafki, domin nan ambaliya ke kawo tana da shinge. Sai dai lokacin ne kifi ke hayayyafa, kuma a ganina wajibi ne a mayar da ƙanana da masu ƙwai cikin ruwa. Da an ga hadari ya haɗo daga gabas da walƙiya, a naɗe zare a bar bakin ruwa nan take.