Ziyarar ƙarshen mako daga Sakkwato zuwa Abuja ta jirgin ƙasa: kurakuran da aka fi yi

Sau uku ke nan cikin wata biyu ana kira na bayan Isha'i da magana iri ɗaya. Na ƙarshe ɗan yayata ne, murya na rawa: "Kawu, ga mu a Rigasa, jirgi ya tashi ya bar mu." Yana tare da matarsa da jariri a goye, ba su san kowa a Kaduna ba. Da yake an san ina yawan kai iyali Kubwa, a Abuja, wurin ƙanwata da ke aure a can, duk wanda ya maƙale a hanya ni yake nema. Na gaji da maimaita bayani ɗaya ta waya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya.

A fara sanin wannan: Sakkwato ba ta da jirgin ƙasa. Tsohon layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙaura Namoda ya tsaya tun 1929, bai ƙaraso mu ba. Jirgin da mutanenmu ke nufi in sun ce za su Abuja ta jirgi shi ne na Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016. Tsawon layinsa kilomita 186 ne, awa biyu da 'yan kai ka isa. Amma kafin ka ga tashar Rigasa, inda jirgin ke tashi a Kaduna, da idonka akwai kusan kilomita 500 na mota a gabanka: Tureta, Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtua, Zariya, sannan Kaduna. Jirgin wutsiyar tafiyar ce kawai. Gangar jikinta tana kan kwalta, kuma can ne ake yin ɓarnar.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne haɗa mota da jirgi a rana ɗaya. Mutum ya zauna a ɗakinsa ya ƙirga da yatsu: in tashi da bakwai, awa takwas na isa Kaduna, in kama jirgin yamma, in kwana Abuja. Sai ya sayi tikiti a kan wannan lissafin. Jirgi da agogo yake aiki, motar haya kuwa sai ta cika. Wanda ya ɗaura su da igiya ɗaya, ɗaya zai tsinke, kuma ba jirgin ba ne.

Ni ma ta nan na sha tawa, kuma har yau abin bai bar raina ba. Ƙanwata ta yi haihuwar fari, suna ya faɗo ranar Asabar. Na sayi tikitin jirgin ƙarshe na ranar Juma'a, mu shida: ni, Inna, maiɗakina da yara uku. Bakwai na safe agwagwa da buje ta sauke mu a tasha. Motar da ke kan layi na gan ta da mutane zaune a ciki, ɗan kamasho ya ce saura mutum biyu. Muka biya, aka ɗaure kaya. Ashe uku daga cikin na zaunen ba matafiya ba ne, cike gurbi suke don mai zuwa ya ga kamar mota ta kusa tashi. Fasinja na gaskiya na shiga, ɗaya daga cikinsu sai ya zame. Tara da rabi ta wuce kafin mu bar gari. Kafin Talata Mafara taya ta yi faci. Ga shingayen bincike, kowanne sai ka rage gudu, wani sai an buɗe but. Ga Juma'a, sahu ya fito har kan titi a garin da ta riske mu, dole a tsaya a yi salla a jira jama'a su watse. Muna isa tashar mota ta Kawo a Kaduna rana ta yi ja. Na ɗauki keke biyu, muka bi ta Bakin Ruwa cikin cunkoson yamma, muka isa Rigasa muka tarar da fili.

Inna ba ta ce mini uffan ba. Ta zauna a kan jakarta, ta rungume ƙullin zannuwan jariri da ta yi wata biyu tana tarawa, tana jan carbi. Sai can na ji ta ce wa maiɗakina a hankali, "Mi nic ce tun shekaranjiya? Ba a fafe gora ranar tafiya." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kuɗin tikiti shida ya tafi, muka kama ɗaki biyu a masauki, da safe jirgin farko babu wuri, muka shiga mota. Muna isa an raɗa suna, an yanka rago, har an fara suya. Tsohuwa ta yi tafiyar kwana biyu don ta ga wannan safiyar, ni na hana ta da lissafin yatsu.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ranar mota daban, ranar jirgi daban. Alhamis nake tashi, in kwana Kaduna gidan wani aminina, in kama jirgin safe ranar Juma'a, in yi sallar Juma'a a Kubwa. In aiki ya hana Alhamis, sai Juma'a da asuba, a kwana Kaduna, jirgin safen Asabar. Akwai masu cewa kwanan hanya ɓarnar kuɗi ne. To, a lissafa shi a kan tikitin iyali guda da ya ƙone, a ga wanda ya fi. Da yammacin jajiberin tafiya nake zuwa tasha da kaina, in ga motar da za ta fara lodi gobe, in karɓi lambar direba, in biya kujerunmu. Muna idar da sallar Asuba muna tasha. In ya rage mutum ɗaya ko biyu mota ta cika, nakan biya kujerun mu tashi. Wannan ɗabi'ata ce, ba kowa ke yarda da ita ba, amma awa ɗaya ta safe ta fi mini kuɗin kujera daraja. Kuma in da tsoho a tafiyar, kada ka yarda a cusa shi mutum huɗu a layi. Sayi kujera biyu a gaba a bar masa shi kaɗai.

Kuskure na biyu shi ya fi ba ni tsoro, domin na farko kuɗi da rai yake ɓatawa, wannan kuwa da rayuka ake caca. Komawar ranar Lahadi nake nufi. Ka ci abincin rana a Abuja, ana hira ana kada ku tafi tukuna, ka kama jirgin rana, ka sauka Rigasa bayan La'asar, sannan ka ce lallai sai ka kwana Sakkwato saboda gobe Litinin akwai ofis, yara na da makaranta. Haba malam! Wane ofis ne ya kai matarka da 'ya'yanka? Duk mai bin hanyar nan ya san abin da ake fama da shi tsakanin Funtua da Tsafe zuwa Gusau shekarun nan. Direbobin da suka tsufa a kanta ba sa son duhu ya same su a wurin. Wanda zai yarda ya ɗauke ka ƙarfe biyar na yamma daga Kaduna, ko dai sabon shiga ne, ko kuɗin yake gani ba kai ba. Jirgin kansa bai tsira ba: ranar 28 ga Maris 2022 da dare aka kai masa hari a kusa da Katari, aka kashe mutane, aka kwashi fasinjoji, jirgi bai sake tafiya ba sai a watan Disamba na shekarar. Wanda ya san wannan, me zai kai shi tura iyalinsa daji da dare don gudun faɗan maigida a wurin aiki?

Sau ɗaya na gwada, Magariba ta same mu a Funtua. Direban dattijo ne, ya kashe mota ya ce, "Alhaji, ni dai nan na tsaya. Wanda ke sauri ya nemi wata." Wasu samari biyu suka yi ta masifa. Ni na kalli ƙaramar 'yata tana barci a cinyar uwarta, bakinta duk man ƙosai, na ji kunyar kaina da har na kawo su nan. A tasha muka kwana, mata a cikin mota, mu a kan benci wurin mai shayi. Har gobe ina yi wa wannan dattijo addu'a.

Yanzu ka'idata ita ce Magariba ta same ni ko dai na wuce Gusau da nisa, ko kuwa ban bar Zariya ba. Hanyar cika wannan ka'ida guda ce: jirgin Lahadi, kwana Kaduna, motar asuba ranar Litinin. Wato dai gaskiyar da mutane ba sa son ji ita ce, ziyarar Abuja daga Sakkwato da iyali ba ta kwana biyu ba ce. Ka nemi izinin Alhamis ko na Litinin tun da wuri, ko ka bari sai an yi hutun makaranta. In Asabar da Lahadi kaɗai gare ka, bar yara a gida, ko ka ɗaga tafiyar. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma 'yar'uwarka ta fi son ta gan ka wata mai zuwa da ta ji labarinka a rediyo.

Sai batun tikiti. Tun 2021 ta intanet ake sayar da shi, kuma bayan an dawo da jirgin a ƙarshen 2022 aka ɗaura shi da lambar NIN. Sunan da ke kan tikiti shi ne sunan da ke kan katin shaidarka. Mutanenmu suna da sakaci a nan: yaro ya saya wa mahaifiyarsa da sunan da ake kiranta a gida, alhali wani suna ne a katinta. Ka karɓi katin kowane babba a hannunka kafin ka fara cikewa. Kujerun Juma'a da Lahadi su ke fara ƙarewa, saboda haka da zarar an buɗe sayar da na ranarka ka saya, har da na dawowa in ya samu. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana raɗa maka cewa yana da tikiti, wuce shi. Ka biya ninki, kuma sunan wani ne a jiki. Lokutan tashin jirgi sukan canja, don haka kada ka dogara da abin da maƙwabcinka ya gani bara. Duba da kanka a makon tafiyar, ka kuma isa tasha da aƙalla awa ɗaya a hannu, saboda layin bincike da yara da kaya ba ya sauri.

Rigasa ba Kawo ba ce. Tsakaninsu tafiya ce mai kyau, kuma keke ɗaya ba ya ɗaukar iyali da kayansu. Ku daidaita kuɗi kafin a ɗora jaka.

A ɓangaren Abuja ma ana yin wani shirme mai sauƙin kaucewa. Jirgin da ya taso daga Kaduna yakan tsaya Kubwa kafin ya ƙarasa Idu. Baƙo sai ya zauna har ƙarshe don ya ji an ce Idu ce tashar Abuja, alhali gidan da za shi yana Dutsen Alhaji ko Dei-Dei ko Zuba ko Suleja, duk ta ɓangaren Kubwa. Ya sauka Idu, unguwar masana'antu ce a gefen gari, sai ya biya tasi ta mayar da shi inda ya baro. Tambayi masu masaukinka tashar da ta fi kusa da su tun kafin ka sayi tikiti. Mai zuwa tsakiyar birni ko filin jirgin sama shi Idu ta dace da shi, domin a can ake haɗuwa da ƙaramin jirgin cikin gari. Mai zuwa Nyanya ko Mararraba kuwa ya san da sauran tafiya a gabansa ko ina ya sauka.

Tsaraba: na san ba a zuwa gidan 'yar'uwa hannu rabbana, amma buhun albasa da jarkar man shanu ba kayan tarago ba ne. Ka ba direban da ka sani ya kai su Zuba, a je a karɓa. Kilishi da ƙuli-ƙuli da 'yar fura a kula sun isa hannu. Nono a zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, kafin Gusau ya tsinke ya yi tsami, bar shi.

Wannan zafin ne ma ke sa a fito da yara da 'yar shimi, a manta cewa tarago akwai sanyin na'ura. Sa rigar sanyi ɗaya ga kowane yaro a jakar hannu, da mayafi mai kauri ga tsohuwa.

Riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Mai keke da mai ruwa ba sa jiran sabis ya dawo. Cika wayarka da caji, ka kuma ɗauki hoton tikitin, ko ka buga shi a takarda.

Salla kuwa, tafiyar ta ninka nisan ƙasaru sau da yawa, mil 48 ne a mazhabarmu ta Malikiyya. Ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da na haɗa salla tun kana gida, ba sai kana jayayya da direba a bakin hanya ba. Ni da alwala nake shiga jirgi, da buta ƙarama a jaka.

Abu na ƙarshe da nake dubawa kafin yaron mota ya ja igiya shi ne maganin hawan jinin Inna. An taɓa ɗaure shi a ƙasan kaya cikin but, ba mu kai gare shi ba sai Zariya. Yanzu a aljihun rigata yake tafiya, tare da katunan shaida da lambar aminina na Kaduna rubuce a takarda.